Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Mutum Zai Riƙa Tuna wa Kansa Himma, Lafiya da Natsuwa

Yawancin abin da zai gyara wa mutum rayuwa ya riga ya san shi. Ya san barci na da amfani, ya san zama wuri ɗaya daga safe har dare na cutar da jiki, ya san aikin da yake ta ɗagawa zuwa gobe ba zai yi kansa ba. Abin da ke ba shi wahala shi ne sanin ba ya faɗo masa a daidai lokacin da yake buƙatarsa. Sai ya kwanta, rana ta riga ta tafi, sannan ya tuna. Ga tambayoyin da aka fi yi kan wannan al'amari, da amsoshinsu.

Mene ne tuna wa kai, kuma me zai sa babba mai hankalinsa ya buƙace shi?

Shi ne ka ajiye wata 'yar magana ko wata alama a inda dole ka ci karo da ita, don ta dawo da kai kan abin da ka yanke wa kanka lokacin da hankalinka ke kwance. Tana iya zama layi ɗaya a takarda da ka liƙa a ƙofa, ko ƙararrawar waya, ko takalmin motsa jiki da ka ajiye a bakin gado tun da dare.

Babba na buƙatar haka saboda yanayin da yake ciki lokacin yanke shawara daban yake da yanayin da zai aiwatar da ita. Ranar hutu da yamma, jikinka ya saki, ranka fes, sai ka ce daga gobe za ka riƙa kwanciya da wuri. Tsakiyar mako, ƙarfe 11 na dare, ka gaji, wani ya ɓata maka rai, waya na hannunka, waccan shawarar ko a zuciyarka ba ta gilmawa. Gajiya da yunwa da ɓacin rai suna ƙuntata tunani, har mutum ya daina ganin komai sai abin da ke gabansa. A ganina don irin wannan ranar ake rubuta tunatarwa. Ranar da komai ke tafiya daidai, ko babu ita za ka yi abin da ya kamata.

Ina jiran in ji karsashi kafin in fara, amma ya ƙi zuwa. Me ke damuna?

Babu abin da ke damunka, jerin ne kawai ka yi a baibai. Mun saba ɗauka cewa karsashi ne ke fara zuwa, aiki ya biyo shi. Sau da yawa aikin ne ke jawo karsashin. Ka tuna ranar da ka ɗauki tsintsiya da nufin share gefe ɗaya na ɗaki, kafin ka ankara ka gyara ɗakin gaba ɗaya. Sha'awar gyaran ba ta zo maka kana zaune ba, a tsakiyar aikin ta same ka.

Masu nazarin halayyar ɗan'adam sun daɗe da gano haka. Tun a shekarun 1970 Peter Lewinsohn, wani masani a Amurka, ya yi bayanin cewa mai fama da tsananin damuwa yakan janye daga abubuwan da ke faranta masa rai, janyewar kuma ta ƙara masa damuwar, sai abin ya yi ta zagayawa. Daga nan aka samo wata hanyar jinya da har yau ake amfani da ita: a tsara wa mutum ƙananan ayyuka a lokuta sanannu, ya yi su ko ya ji sha'awa ko bai ji ba, daɗin ya biyo daga baya. Idan wannan na taimakon wanda ciwo ya danne, mai kasala ta yau da kullum ya fi kusa da cin moriyarsa.

Don haka tunatarwar da ta fi dacewa da kai ita ce: “Minti 5 kawai, in ka ga dama ka tsaya.” Kuma ka cika wa kanka wannan alkawarin. Idan minti 5 ya cika ka ji ba za ka iya ba, ka tsaya, ba ka yi laifi ba. Za ka ga a mafi yawan ranaku ba ka tsayawa, domin farawar ce ke da nauyi. Wasu sun fi son tsarin da Francesco Cirillo na Italiya ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980: aiki na minti 25 ba ɗaga kai, hutun minti 5, a sake komawa. Tsawon mintunan bai dame ni ba. Abin da ke aiki shi ne mutum ya san akwai iyaka, ba rana sukutum ya sayar ba.

Yaya zan rubuta tunatarwar da za ta yi aiki da gaske?

Nan ne mutane suka fi yin asara, don haka bari in ɗan daɗe a kai. “Zan kula da lafiyata” fata ce, ba ta gaya maka abin da za ka yi da hannunka ko ƙafarka ba. “Ka zama mai himma” ma haka. Idan ka karanta irin wannan da safe za ka gyaɗa kai, ka wuce, babu abin da ya sauya.

Peter Gollwitzer, masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Jamus, ya yi fice a kan wannan batu, musamman da wani rubutu da ya fitar a 1999. Abin da shi da waɗanda suka biyo sahunsa suka nuna shi ne, mutum ya fi cika niyyarsa idan ya ɗaure ta da wani lokaci ko wuri, da siga irin ta “idan kaza ya faru, zan yi kaza”. Dalilin mai sauƙi ne. Ka riga ka gama shawara tun kafin lokacin ya zo, saboda haka babu sauran gardama da zuciya. Lokacin da kansa ne zai tashe ka.

Kwatanta waɗannan. Maimakon “in riƙa motsa jiki”, ka rubuta “da na dawo daga aiki na ajiye jaka, zan sa takalmi in yi tafiyar minti 15 kafin in zauna”. Maimakon “in rage waya”, ka rubuta “ƙarfe 10 na dare zan sa waya caji a nesa da gado”. Maimakon “in riƙa haƙuri”, ka rubuta “idan na ji muryata ta fara ɗagawa, zan yi shiru in ja numfashi sau uku kafin in ba da amsa”. Kowace ɗaya tana da lokacinta, tana da aiki guda da ido zai iya gani, kuma ba ta fi ƙarfin mai gajiya ba.

Sai ka ƙara mata tanadin cikas, domin cikas zai zo: “idan ruwan sama ya hana ni fita, zan yi minti 10 a cikin ɗaki”. Ka kuma fi mai da hankali kan abin da za ka yi a kan abin da za ka bari, saboda “kar ka yi kaza” na barin mutum tsaye hannu rabbana, bai san da me zai cike gurbin ba.

Akwai wani ɗan abu kuma. Ethan Kross na Jami'ar Michigan da abokan aikinsa sun nuna a 2014 cewa wanda ke yi wa kansa magana da sunansa, ko da “kai” ko “ke”, ya fi samun natsuwa a lokacin fargaba kan wanda ke cewa “ni”. Yana ba mutum 'yar tazara tsakaninsa da abin da ke damunsa, kamar mai ba aboki shawara. Ka gwada rubuta taka da sunanka a farko.

Maimaita kalamai masu daɗi, irin su “ni gwarzo ne, babu abin da zai gagare ni”, yana da amfani?

Ga wasu yana da shi, ga wasu kuma yana cutarwa, kuma abin takaicin shi ne waɗanda suka fi buƙatar taimako su ya fi cutarwa. A 2009 Joanne Wood ta Jami'ar Waterloo a Kanada ta sa mutane su riƙa maimaita wa kansu cewa su abin so ne. Waɗanda dama suna ganin ƙimar kansu sun ɗan ji daɗi. Waɗanda ba sa ganin ƙimar kansu sai ransu ya ƙara ɓaci. Zuciya ba ta karɓar maganar da take ganin ƙarya ce, nan take za ta fara kawo hujjojin musantawa.

Gabriele Oettingen ma ta shafe shekaru tana nuna cewa yawan mafarkin nasara, ba tare da duban abin da ke tare hanya ba, na rage wa mutum ƙoƙari, saboda ya riga ya ɗanɗani daɗin isa bai taka ko'ina ba. Shawararta ita ce ka hango abin da kake so, nan take ka tambayi kanka wane hali ne naka zai hana ka, sannan ka yi masa tanadi.

Ni dai shawarata, kar ka rubuta wa kanka abin da ba ka yarda da shi ba. “Na taɓa shiga abin da ya fi wannan, na fita” ta fi “ba na jin tsoron komai” ƙarfi, domin kana da shaida a kanta. “Yau na gaji, amma zan iya yin layi ɗaya” gaskiya ce, kuma gaskiya ba ta buƙatar ka tilasta wa kanka yarda.

Na liƙa takarda a madubi, bayan kwana kaɗan na daina ganinta. Me ya faru?

Sabo ne. An halicci ƙwaƙwalwa ta daina kula da abin da ba ya sauyawa, shi ya sa kake daina jin ƙarar fanka jim kaɗan da shiga ɗaki. Takardar na nan, idonka ne ya mai da ita bango. Haka ƙararrawar waya: idan ta yi yawa, yatsa zai koyi kashe ta tun kafin hankali ya karanta abin da ta ce.

Ka riƙa sauya mata wuri ko kalmomi duk bayan mako ɗaya ko biyu. Abin da ya fi takarda ma shi ne ka sa kayan aikin kansa a kan hanyarka: gorar ruwa a kan tebur, littafi a kan matashi, magani kusa da buroshin haƙori in babu yaran da hannunsu zai kai. Ƙararrawa kuma ka saita ta a lokacin da za ka iya tashi ka yi abin nan take. Wadda ke kaɗawa kana tsakiyar taro ko kana tuƙi koya maka yin biris kawai take yi.

Tunatarwa guda nawa ya kamata in riƙe?

Biyu ko uku. Idan ɗaya ta zama jiki, ka cire ta ka sa wata.

Da gaske ne kwana 21 ke mai da abu ɗabi'a?

A'a. Wannan adadi ya samo asali ne daga wani likitan fiɗa na Amurka, Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a 1960 cewa marasa lafiyarsa kan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu bayan tiyata. Lura ce ta likita a kan wani abu daban, mutane suka yar da kalmar “aƙalla”, suka mai da sauran doka.

Da Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan suka bibiyi mutum 96 da ke ƙoƙarin ɗaukar sabuwar ɗabi'a, a binciken da ya fito a 2009, sun ga matsakaicin lokacin da abu ke zama jiki kwana 66 ne. Bambancin da ke tsakanin mutane kuwa babba ne: daga kwana 18 har zuwa 254. Abu mai sauƙi kamar shan ruwa ya fi saurin kamawa kan motsa jiki. Saboda haka idan ka yi wata guda har yanzu kana jin nauyin abin, ba ka gaza ba, a kan hanya kake. Sannu ba ta hana zuwa.

Na yi makonni ina bi, sai na tsallake kwana biyu, yanzu na watsar gaba ɗaya. Ta ina zan koma?

Ta ƙaramar ƙofa, kuma yau. Binciken Lally ɗin nan ya nuna cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe sabon da ake ginawa. Abin da ke rushe shi shi ne hukuncin da mutum ke yanke wa kansa bayan tsallakewar: “dama na san ba zan iya ba”, “tunda na ɓata, bari in ɓata gaba ɗaya”.

Mutane da yawa na tsoron sassauta wa kansu, suna ganin in ba su zagi kansu ba za su lalace. Abin da aka gani akasin haka ne. A wani bincike da Michael Wohl ya jagoranta a Jami'ar Carleton ta Kanada, wanda ya fito a 2010, ɗaliban da suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi kafin jarrabawar farko sun rage jan ƙafa a ta biyu. Wanda ya ɗaure aiki da jin kunya gudun aikin zai riƙa yi, don kusantarsa na tuna masa laifinsa. Wannan ya sa nake ƙin tunatarwa mai zagi. Duk maganar da ba za ka iya faɗa wa ƙaninka da kake ƙauna ba, kar ka liƙa wa kanka ita a bango. Ka rubuta: “An tsallake jiya, ba a tsallake yau.” Ka koma da rabin abin da ka saba yi, ko ma kwata.

A fannin lafiya, wace tunatarwa ce ta fi kowace muhimmanci?

In dole a zaɓi ɗaya, ta barci. Mai ƙarancin barci ya fi saurin fushi, ya fi jin kwaɗayin zaƙi da maiƙo, ya fi kasa mai da hankali, kuma duk sauran niyyoyinsa a kan raunanniyar ƙafa suke tsaye. Ƙungiyoyin likitocin barci na ba manya shawarar aƙalla awa 7 a kowane dare, yawanci tsakanin 7 da 9. Daɗewa ana samun ƙasa da haka na da alaƙa da hawan jini, ciwon suga da ƙiba.

Kowa na saita ƙararrawar tashi, amma ta kwanciya ce ta fi amfani. Ka saita ta kamar awa ɗaya kafin lokacin barcinka, ma'anarta a fara naɗe rana: a rage haske, a ajiye waya, a daina buɗe saƙonnin aiki. Ka yi ƙoƙari lokacin tashinka ya zama ɗaya ko a ranar hutu, ka kuma samu hasken rana da safe, domin da haske agogon jiki ke saita kansa.

Ka kula da sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da shayi da lemunan ƙara kuzari. Jiki na ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya fitar da rabinsa. Wani bincike a Amurka a 2013 ya nuna cewa miligiram 400 na kafeyin, ko da awa 6 kafin kwanciya aka sha, na rage barci da fiye da awa ɗaya, kuma masu shan ba su cika lura da asarar ba.

Idan tunanin ayyukan gobe ne ke hana ka runtsawa, ka ajiye takarda da biro kusa da gado. Michael Scullin na Jami'ar Baylor ya gwada haka a 2018: waɗanda suka ɗauki minti 5 suna rubuta abin da za su yi a kwanaki masu zuwa sun fi saurin yin barci kan waɗanda suka rubuta ayyukan da suka riga suka gama. Da zarar abu ya hau takarda, ƙwaƙwalwa ta huta da gadinsa.

Dole ne sai na yi taku 10,000 a rana?

Ba dole ba ne. Adadin ya fito ne daga Japan, inda wani kamfani ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965, shekara ɗaya bayan gasar Olamfik ta Tokyo, ya sa mata suna mai nufin ma'aunin taku dubu goma. Talla ce ta yi kyau har ta zaga duniya. A 2019 I-Min Lee ta Jami'ar Harvard ta bibiyi mata tsofaffi sama da 16,000, ta ga masu yin taku kusan 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 ƙarancin mace-mace, amfanin kuma ya ci gaba da ƙaruwa har wajen taku 7,500 sannan ya daidaita.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a ƙa'idojinta na 2020 shi ne, babba ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, irin tafiyar sauri da za ka iya magana a cikinta amma numfashinka ya ɗan ɗaga, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, tare da atisayen ƙarfafa tsoka kwana 2 a mako. Minti 150 na nufin minti 30 sau biyar. Hukumar ta kuma jaddada cewa ko kaɗan ne ya fi babu. Wanda ke da ciwon zuciya ko wata lalura ya fara jin ta bakin likitansa.

Ruwa fa, da abinci?

Maganar kofi 8 na ruwa ba ta da tushe mai ƙarfi. Heinz Valtin, masanin aikin ƙoda a Amurka, ya bi diddiginta a 2002 bai samu hujjar kimiyya a kanta ba. Buƙata na bin zafin gari da nauyin aiki da girman jiki. Launin fitsari ya fi ƙirga kofi faɗin gaskiya: in ya yi duhu, ka ƙara ruwa.

A abinci, Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa gishiri kar ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin kayan da aka sarrafa. Sukarin da ake ƙarawa kar ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da ake samu daga abinci, ganye da 'ya'yan itatuwa kuma su kai giram 400. Ka ƙara da tunatarwa guda a kalanda ta awon jini. Hawan jini ba ya sallama, kuma kusan rabin manyan da ke da shi a duniya ba su san suna da shi ba.

Aikina na zama ne a gaban kwamfuta. Me zan riƙa tuna wa kaina?

Ka miƙe duk bayan rabin awa ko awa ɗaya, ko da zagaya ɗaki ne. Don ido kuma, likitocin ido na ba da shawarar duk bayan minti 20 ka kalli wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, ka kuma ƙifta, domin mai kallon allo na rage ƙiftawa bai sani ba.

Ina aiki, ina da yara, ina kula da iyayena. Ana ta cewa a daidaita rayuwa, ni kuwa ko numfashi da ƙyar nake yi. Ina daidaiton yake?

'Yar'uwa, da farko ki sauke wa kanki nauyin zaton cewa akwai wata can da ke raba ranarta kashi-kashi daidai, kowa ya samu rabonsa, ta kwanta ba bashi. Babu ita. Daidaito a mako ko wata ake auna shi. Akwai makon da yaro ba shi da lafiya, komai zai koma gefe, kuma haka ya kamata. Abin dubawa shi ne kar ɓangare ɗaya ya daɗe ba ya samun komai, kuma ɓangaren da aka fi mantawa ke ce.

Tunatarwarki ta farko tambaya ce da za ki riƙa yi kafin ki amsa kowace sabuwar buƙata: “In na ce to, me zan bari?” Duk amsawa na da abin da take ci, kuma yawanci barcinki take ci. Ki koyi cewa “bari in duba in gaya miki”, don ki samu sararin tunani. Ta biyu, ki rubuta abubuwan da dole ke za ki yi su, da waɗanda wani zai iya yi ko da bai kai ki iyawa ba, ki miƙa su, ki kuma jure ganin an yi su ba yadda kike so ba. Ta uku, ki ware wani ɗan lokaci a mako, ko rabin awa ne, ki sa shi a kalanda da sunanki kamar yadda kike sa ganin likitan yara, ki sanar da mutanen gida tun da wuri.

Hutu ba lada ba ne da sai an gama komai ake karɓa, domin irin aikinki ba ya ƙarewa. Kuma maganar ta wuce jin daɗi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa aikin awa 55 ko fiye a mako na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, da haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17, idan aka kwatanta da awa 35 zuwa 40. Wannan ƙiyasin bai ma haɗa da aikin gida da ba a biya ba.

Har zumunci ma sai an sa masa tunatarwa? Ba zai zama na dole ba?

Ba na ganin haka. Ƙaunar na nan, lokaci ne ke sulalewa. Ka ce za ka kira aboki a ƙarshen mako, kafin ka waiga an yi wata shida, sai kunyar daɗewar ta ƙara hana ka kira. Layi ɗaya a kalanda na hana wannan.

Binciken Jami'ar Harvard kan rayuwar manya, wanda aka fara a 1938 aka bibiyi maza 724, daga baya aka shigo da matansu da 'ya'yansu, na cikin mafi tsawo irinsa a duniya. Robert Waldinger, wanda ke jagorantarsa, ya sha bayyana cewa gamsuwar mutum da dangantakarsa a shekara 50 ta fi yawan kitsen jininsa nuna yadda lafiyarsa za ta kasance a shekara 80. Yawan mutane ba shi ne abin ba. Ko mutum biyu ne, in za ka iya kiransu da tsakar dare, ka riƙe su da kyau.

Ina ƙoƙari amma ba na ganin ina gaba, musamman in na kalli sa'o'ina a kafofin sada zumunta.

Abin da kake gani a can zaɓaɓɓe ne, an ɗauki hoto goma an saka ɗaya. Naka kuwa da ɗanyensa da dafaffensa duk kana gani. In ka lura wani shafi na barin ka da ƙuncin zuciya duk lokacin da ka leƙa, ka daina bin sa, ba sai ka yi wa kowa bayani ba.

Rashin ganin ci gaba kuma sau da yawa rashin rubutawa ne. Teresa Amabile ta Harvard da Steven Kramer sun nazarci rubuce-rubucen yau da kullum kusan 12,000 na ma'aikata 238, suka gano babu abin da ya kai ganin an matsa gaba a aiki mai ma'ana ɗaga wa mutum ƙwarin gwiwa, ko da matsawar 'yar kaɗan ce. Ka samu ƙaramin littafi, kowane dare ka rubuta abu ɗaya da ka matsar. Ranar da zuciya ta ce maka ba ka taɓuka komai ba, ka buɗe shafukan watan jiya ka karanta.

Ta yaya zan gane cewa abin ya wuce kasala, tunatarwa ba za ta isa ba?

Wannan tambayar ta fi duk na baya nauyi, don akwai masu zagin kansu da lalaci alhali ciwo ne ke cin su. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin irin gajiyar da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, da alamomi uku: ƙarewar kuzari, jin zuciya ta fita daga aikin har ana ƙyamarsa, da raguwar iya aikin. Wannan ba ya jin takarda a madubi. Sai an taɓa nauyin aikin kansa, an yi magana da shugaba, an ɗauki hutu na gaske, wani lokaci ma an sauya wuri.

Idan kuma ka yi mako 2 ko fiye kusan kullum ranka a jagule, ko ka daina jin daɗin abubuwan da ka saba so, barcinka da cin abincinka sun sauya, kana ganin kanka ba ka da amfani, to waɗannan alamomin cutar tsananin damuwa ne. Ciwo ne kamar kowane ciwo, yana kama mai ƙarfi da mai rauni, kuma ana warkewa da jinya ta tattaunawa ko magani ko duka biyun. Gajiyar da ba ta tafiya ko an huta na iya fitowa daga ƙarancin jini, ciwon suga, matsalar sinadaran jiki, ko minshari mai yanke numfashi cikin barci, kuma yawancinsu awo mai sauƙi ke gano su. Ka je asibiti ka faɗi yadda kake ji ba ragi, har da tsawon lokacin da ka ɗauka a haka.

In har tunanin cutar da kanka ko na barin duniya ya fara zuwa maka, kar ka jira mako 2, kar ka jira gobe. Ka gaya wa wani da ka amince da shi a yau, ka roƙe shi ya zauna tare da kai, ya raka ka asibiti mafi kusa.